Kalmar Sirrin Malam Tukur

Ƙarfe ɗayan dare, sau goma sha tara shafin ƙungiyar manoman Talata Mafara yana ƙin kalmar sirrin shiga, ga shi gobe za a rufe rajistar taki. Sakatarenmu Malam Tukur ne ya sa ta, matarsa ta turo min: "kaikayi".

Na daki tebur. "Mutum ya ƙulle haƙƙin jama'a kamar gadon ubansa."

Ƙamshin kafur ya cika ofishin. Wani ya tsaya bayana, ba sallama, ba ƙarar takalmi.

"Zakariyya, zagin ya isa hakanan. Aza wa haruffan "k" ɗin ƙugiya. Ƙaiƙayi ne."

Na aza, shafin ya buɗe. Ban waiwaya ba. Na san muryar Malam Tukur, kuma da hannuna na zuba masa ƙasa a Maradun ranar Juma'a.