Amfilifayar Garejin Murdo

Ni Hamish, ko sunana ban iya rubutawa ba, amma duk Dundee ba wanda ya taɓa cutata a cinikin tsohuwar amfilifaya, wato akwatin ƙara sautin jita. Ba na taɓa tsirkiyar jita sai na leƙa bayan amfilifayar, domin wutar irin waɗannan kisa take.

Ran nan da daddare na je garejin wani Murdo mai son sayar da tasa. Amfilifayar tana ta gurnani, wurin duk ƙaurin gashi, shi kuma ya kasa tsayuwa wuri ɗaya.

"Haba dattijo, tsoro kake ji?" Ya miƙo mini jita. "Kaɗa mana!"

Na leƙa bayan amfilifayar. Fitilunta a mace, sanyi ƙalau, filoginta yashe a ƙasa.

Sai idona ya kai tafin hannunsa: layin ƙuna shida, daidai da tsirkiyoyin jitar, suna hayaƙi.