Tawadar da Fetur Ya Cinye

Takalmanta ya fara gani kafin fuskarta, yana kwance ƙarƙashin tsohuwar motar mahaifinta. Da ya zaro kansa, sai ga nas cikin fararen kaya, idanunta sun yi jawur don gajiya.

"Sannu, Injiniya. Za ta tashi kuwa?"

"Tunda ke kika tambaya, ko ba ta so."

Daga wannan dariyar zuciyarsa ba ta sake zama tasa ba.

Mahaifinta, tsohon malamin makaranta, bai damu da baƙin man gareji ba. Tambaya ɗaya ya yi masa ranar da ya je gaisuwa.

"Zaɓen shugaban ƙasa ya matso. Za ka fita?"

"Baba, wallahi na gaji. Na yi a baya, ramin ƙofar garejinmu yana nan yana karya motoci."

"To wanda ba zai iya tsayuwar wuni guda don gobensa ba, ba zan ba shi 'yata ba. Ga ɗan aminina mai kantin magani, ya daɗe yana jira."

Ya koma gareji. Yana cikin kwance wata taya saƙonta ya shigo:

"Injiniyana, ni ma a gajiye nake. Yau da fitilar waya muka yi wa wata mata ɗinki. Kar ka je don Baba. Ka je don irinta, ka je don ni."

Ya je. Tun sanyin safiya yake layi, na'urar tantance masu zaɓe ta tsaya, ta tashi, ta sake tsayawa. Rana ta gasa masa ƙeya. Sai da yamma ya dangwala, aka shafa masa tawada a babban yatsa.

Ya tura mata saƙo: "Likitata, na yi. Ga ni nan zuwa wurin Baba."

Sai dai bakanike ba ya shiga gaban manya da hannu haka nan. Ya biya gareji, ya dirje hannuwansa da fetur da sabulu kamar kullum, hankalinsa na kan abin da zai faɗa.

"Mu ga yatsan," in ji Baba.

Ya miƙa. Fes! Ko alamar tawada babu. Tana tsaye bakin labule, ya ga hawaye sun cika mata ido.

"Har ni za ka yi wa ƙarya?" ta ce.

"Wallahi na yi! Wanke hannu na yi don kar in ɓata wa Baba kujera."

Tsohon ya jawo hannun, ya shinshina, ya yamutsa fuska.

"Fetur kam akwai. To faɗa mini wanda ka zaɓa, in ba ka ita yanzu."

Ya dubi yarinyar. Ƙafafunsa har zogi suke.

"Ka yi haƙuri, Baba. Wahalar da na sha a kan ƙuri'ar nan ta yi yawa. Wannan tsakanina da akwati ne."

Baba ya ƙyalƙyale da dariya har da tari.

"Wanda bai sha ranar nan ba, da tuni ya ambaci suna don ya burge ni. Share hawayenki, 'yar nan. Kai kuma turo manyanka."

Ranar aurensu Baba ya dafa kansu su biyun.

"Allah Ya ba ku haƙurin juna, Ya sa gajiyarku ta zame muku alheri."

"Amin, Baba," suka ce tare.