Ɗakin da Kombo Ya Bari

Mwanaidi na durƙushe a tsakar gida tana kankare kwakwa, sai ta ga inuwar Bi Kidawa a kan tasarta. Ta gaishe ta, tsohuwar ba ta amsa ba. Idonta na kan takalman namiji da ke ƙofar ɗakin.

"Daga yau hayar ɗakin nan ta ninka," in ji ta. "Mutum ɗaya na ba haya, yanzu kun zama biyu."

"Mama, ai na riga na biya ta wata shida."

"To ki cika."

Bi Kidawa ita ce mai gidan, kuma surukarta ce. Ɗanta Kombo, masunci, shi ne mijin Mwanaidi na fari. Wata damina ya fita da kwalekwalensa daga gaɓar Kigamboni, aka tsinci kwalekwalen a kife, shi kuwa ko hularsa ba a gani ba. Aka yi ta jira har alƙali ya ce ta yi takaba. Ta yi, ta ci gaba da zama a ɗakin tana biyan haya kamar sauran 'yan haya, da abin da take samu a suyar mandazi, wani irin fanke. Bayan shekaru Shamte, wani tela mai sanyin magana, ya aure ta. A shagonsa yake kwana, don haka shi ya tare a wurinta.

Tun ranar da ya shigo ɗakin ya yi mata nauyi. Rigar Kombo na nan rataye a bayan ƙyaure, ta kasa cirewa. In iskar teku ta kaɗa da yamma ta shigo da ƙarnin kifi, sai ta kafa wa ƙofa ido. Wani lokaci tana zuba wa Shamte ugali, tuwon masara, sai ta ji kamar an tsaya a bayanta, ruwa na ɗiga daga jikin mutum. Ta waiwaya, ba kowa. Ita kuma tsohuwar kullum tana baranda, fuskarta na kallon hanyar da masunta ke dawowa.

Da labarin ƙarin ya kai ga Tatu, yayar Shamte, ta zo ta cika gidan da faɗa. Ta ce tsohuwa ce mai haɗama, a kai ta kotu kawai. Ta ce ma wane irin namiji ne zai kwanta a gadon wanda ba a ga gawarsa ba? Maganar ta shige Shamte. Bayan tafiyarta ya nemi su tashi, Mwanaidi ta ce ba za ta iya barin Mama ita kaɗai ba.

Ya daɗe yana duban rigar nan, sannan ya ce, "Faɗa mini gaskiya, Mwanaidi. Ni kike aure, ko wanda ke cikin ruwa?"

Ta fashe da kuka. Ta ce shi take so, Allah ya sani, amma duk ranar da ta yi dariya a ɗakin nan sai ta ji kamar ta ci amana. Shamte ya zauna kusa da ita, bai ƙara maganar tashi ba.

Da ba su cika kuɗin ba, Bi Kidawa ce da kanta ta kai su gaban shugaban unguwa, Tatu ma ta bi su. Dattijon ya saurari kowa, ya ce maganar ba ta da wuya. An yi yarjejeniya, an karɓi kuɗi, ba a ƙara haya kafin wa'adi ya cika, kuma in za a ƙara sai an ba da sanarwa tun da wuri. Ɗaki aka ba haya, ba kawunan mutane ba. In ruwa da wuta ne, Shamte ya biya rabonsa, shi ke nan.

Tatu ta yi murmushin nasara. Tsohuwar kuwa ta sunkuyar da kai.

"Ni ba kuɗinku nake so ba," ta ce. "So nake mutumin nan ya gudu. Duk safiya in na ji tarin namiji a ɗakin nan sai na miƙe in ce Kombo ya dawo. Sai in ga wani. Kullum sai ɗana ya sake mutuwa a gabana."

Mwanaidi ta rarrafa ta kama ƙafafunta, ta ce ita ma haka take ji, kunya ce ta hana ta faɗa. Suka rungume juna suna kuka.

Shamte ya gyara zama. "Mama, gaskiya ta ba mu ɗakin, amma mun bar miki. Ki ba mu na bayan gida, wanda yake yoyo. Ni zan gyara rufin."

"Kai wawa ne?" Tatu ta raɗa masa. Ya ce ya ji.

Haka suka koma ƙaramin ɗakin, ga zafi, ga ƙarar injin niƙan maƙwabta. Bi Kidawa ta kulle na Kombo, ta yi watanni ba ta yi wa Shamte magana ba. Shi kuwa kullum sai ya durƙusa ya gaishe ta, ya ɗebo mata ruwa, ya kai ta asibiti ranar awon hawan jini. Wata ranar Juma'a ta aika a kira limami da maƙwabta, aka dafa shinkafa, aka yi wa Kombo addu'ar mamaci, abin da ta ƙi yarda a yi tun ɓatansa. Da mutane suka watse ta kira Shamte da sunansa, ta ce ya zauna ya ci abinci a kwanonta.

Lokacin da Mwanaidi ta haihu, Bi Kidawa ce ta yi mata wankan jego, ita ce kuma ta goya jaririyar ta zaga da ita gida gida tana cewa a zo a ga jikarta.

Sanin haƙƙi ya hana a zalunce su, wannan gaskiya ne, kuma ya kamata kowane ɗan haya ya san nasa. Amma haƙuri da tausayi ne suka ba su uwa.