Sai Bayan Biki

Ranar da Auta ta fara ganinsa, faɗa ta fito yi. Tana rungume da kwandon zannuwan gado za ta kai wa mai wanki, sai ta tarar an gitta shingen ƙarfe a bakin layinsu, wani dogon saurayi cikin rigar ma'aikatan hukuma yana ɗaure shi da waya.

"Malam, mu fursunoni ne?"

Ya ɗago kai, filayar da yake murɗa wayar da ita ta kusa suɓuce masa. "Bikin furanni ne, ranki ya daɗe. Ta nan jerin gwano zai bi. Amma ke sai in buɗe miki."

"To buɗe, Gandiroba."

Sunan da ya bi shi ke nan. Shi kuma ya rama da Fursunata, bai san gaskiya ya faɗa ba.

Garin nasu ƙarami ne kuma tsoho, ba shi da sana'a sai biki. Da bazara furanni, da damina tseren kwalekwale, da kaka babbar kasuwa, da sanyi bikin fitilu. Baƙi su cika lunguna suna ɗaukar hoton tsofaffin bangaye kamar ba su taɓa ganin gini ba. Baban Auta yana da ɗan masauki a tsakiyar gari. Yayyenta duk sun gudu birni, Mama ta rasu, sai ita kaɗai: ita ce shara, ita ce guga, ita ce murmushin tarbar baƙi. A garin aka haife ta, amma ba ta taɓa ganin biki da idonta ba. Kiɗan kawai take ji ta tagar ɗakin guga, tagar da ke kallon bangon maƙwabta.

Da Gandiroba ya ji haka, sai ya zama idonta. Saƙo ya riƙa shigowa tana tsaka da ninke tawul.

"Fursunata, yanzu motar furanni ta wuce. Mai busa ya yi tuntuɓe, ya faɗa kan shingena. Ba kyau in yi dariya, amma na yi. Da kina nan da ban kalli komai ba."

Ta rubuta masa: "Ka riƙe min waje. Baba ya ce baɗi."

Da maganar aure ta taso, Baba ya ɓata rai. "Mai ɗaure waya? Wanda zai ɗauke ki ya kai ki bayan gari?" Shi yana da nasa gwanin, mai yi wa baƙi jagora, wanda ake kira Aku saboda surutu. Aku yana kawo masa baƙi, kuma ya yarda ya zauna da ita a ɗakin sama, wato ta yi aure ba ta ajiye dutsen guga ba.

Auta ta ce ba ta so. Baba bai yi faɗa ba, ya dai ce, "To, sai bayan biki." Furanni suka wuce, aka shiga shirin tsere. Bayan biki a garin nan, gaban wani bikin ne. Sai da ta yi kuka ya ce Gandiroba ya turo manyansa, ya sa musu rana.

Ranar ta faɗo a kan tseren kwalekwale. Auta ta share falo, ta dafa shayi, shayin ya huce, ba wanda ya zo. Da yamma Aku ya shigo yana fifita da hularsa.

"Baba, ai na ga surukan naka can suna kallon tsere, har da tafi."

Baba ya dubi Auta. "Kin gani ko?"

Zuciyarta ta yi baƙi ƙirin. Ta kife wayarta, ta ƙi duba saƙo. Sai da safe mai wanki ta kama hannunta a bakin layi.

"Ke 'yar nan, tsofaffin mutane jiya sun sha rana a jikin shingen nan har la'asar. Sabon mai gadi ya ce ba mai shiga sai da katin masauki. Shi yaron naki an tura shi bakin kogi."

Auta ta buɗe wayar.

"Fursunata, shingen da na ɗaure da hannuna shi ya tare kawunnaina. Sun kira Babanki, bai ɗauka ba. Ban san da wane ido zan kalle ki ba."

Ta sami Baba a bayan teburin tarbar baƙi yana jera makullai.

"Baba, kana cikin kwamitin biki. Ka san za a rufe layin."

Bai ɗago ba. "Za a sake sa rana. Bayan biki."

"Haka ka riƙa ce wa Mama."

Makulli ɗaya ya faɗi ƙasa, ba wanda ya ɗauka. Auta ta tsorata da bakinta, amma ba ta janye ba.

"Ta sayi takalmi don ta je kallon furanni, Baba. Yana nan a kwalinsa ƙarƙashin gadonka. Ni nake share masa ƙura. Ina tsoron wata rana wani ya share nawa."

Baba ya zauna a kan kujerar baƙi, wadda bai taɓa zama a kai ba. Ya ɗago ya dube ta.

"Ba aikin nake ji ba, Auta. Shirun nake tsoro. In kin tafi, wa zai kira ni Baba a gidan nan?"

Ta durƙusa a gabansa. "Bayan gari ne fa, ba bayan duniya ba. Kullum zan zo in dame ka."

Washegari Baba da kansa ya saka babbar riga ya je ya ba kawunnan haƙuri. Aku ya yi surutunsa ya gaji.

Da bazara ta zagayo, ranar da masauki ya fi cika, Baba ya ƙi karɓar baƙo ko ɗaya. Ya ja ƙofa ya kulle, maƙwabta suka ce tsohon ya zautu. Da hantsi aka ɗaura aure. Auta ta fito da takalmin Mama, ya ɗan yi mata yawa, ta cusa auduga a gaba.

A bakin layi ango yana tsaye jikin shinge da filaya, cikin fararen kaya.

"An sallame ki, Fursunata."

"Sai yanzu, Gandiroba?"

Ya datse wayar, ya ja shingen gefe. Baba ya haɗa hannuwansu cikin nasa. "Allah ya yi muku albarka. Ka riƙa kai ta kallo, kada ka ce mata sai gobe."

Kiɗa ya matso, motar furanni ta kunno kai, jama'a suka ɗauki shewa. Auta ta ɗaga ƙafa tana leƙe, ta juyo da dariya.

"Baba, ashe haka ake yi?"

Tsohon yana goge ido da bakin rigarsa.

"Ni kike tambaya? Ni ma yau na fara gani."