Lallen Ranar Zaɓe

Ranar Juma'a da la'asar, tsakar gidan Malam Uba da ke Jama'a a Sabon Gari ya cika maƙil da mata. An baje tabarmi, ana kwaɓa lalle a ƙwarya, amarya Hafsatu tana ɗaki a lulluɓe. Jibi Lahadi ne ɗaurin aurenta da Shehu, ma'aikacin gonar gwaji a Samaru. An matso da bikin ne don a gama kafin azumi ya kama, sai ga shi ya faɗo tsakiyar zaɓen saba'in da tara. Gobe Asabar za a zaɓi 'yan majalisar jiha, kuma uban amarya na cikin masu takara.

Ana cikin haka Ɗanmalam ya yi sallama. Shi ne mai yi wa Malam Uba yawon neman ƙuri'a, mutum mai zaƙin baki wanda in yana magana da kai idonsa na kan ƙofa. Ya sa aka kira masa Goggo, ƙanwar Malam Uba, suka daɗe suna ƙus-ƙus a zaure. Da ta dawo, ta shiga ɗakin amarya ta kwance wani hankici. Katunan zaɓe ne a ciki, goma sha ɗaya.

Goggo ta bayyana abin a sauƙaƙe, kamar tana faɗin yadda ake miyar kuka. Duk wanda ya jefa ƙuri'a, malaman zaɓe suna shafa masa tawada a babban yatsan hagu don kada ya sake. To tawada ba ta fitowa a kan lallen da ya kama ya yi baƙi. Don haka ƙunshi biyu za a yi wa kowa. Gobe da safe su yi zaɓe a nan Jama'a da katunansu, da azahar su hau mota zuwa Hanwa su sake da waɗannan, na wasu mata ne da mazajensu suka hana fita. Katin wancan zamani ba hoto.

Hafsatu ta ce ita tsoro take ji, kuma ina aka taɓa ganin amarya a cikin lalle tana yawon gari?

"Ke rufe min baki," in ji Goggo. "Ubanki ne fa. Kuma wa gwamnati ta ɗauka aikin rumfar zaɓe ta Hanwa in ba angon naki ba? Mutumin da za a ba mata jibi, shi zai tsaya ƙare wa surukansa kallo?"

Wannan ita ce Goggon da ko leƙen zaure amarya ta yi sai ta ci zagi. Shi kuwa Malam Uba, ko ya sani ko bai sani ba, Allah masani. Abin da aka gani dai shi ne bai tambayi dalilin ƙunshi biyu ba.

Washegari aka yi na Jama'a lami lafiya. Da azahar ana yayyafi suka sauka a makarantar firamare ta Hanwa. Goggo ta tura Hafsatu gaba, fuskarta a rufe da mayafi. Shehu na zaune a tebur da littafin sunaye. Ya karɓi kati, ya karanta sunan da ke jiki, Aishatu, ya ce ta miƙo hannu. Ta miƙa na hagu. A gefen babban yatsan akwai tabon allurar keken ɗinki, wanda shi da kansa ya raka ta asibiti a kansa bara.

Ya daɗe yana kallon yatsan. Sannan ya ɗago ya dubi layin matan da ke bayanta, duk hannuwa baƙi wuluk. Ya ninke katin ya mayar mata cikin tafin hannu.

"Wannan hannun na san shi, kuma ba na Aishatu ba ne," ya ce a hankali. "Don Allah ki juya, ki juya da su gaba ɗaya. Yanzu."

Goggo ta matso tana murmushi, ta ce haba ɗan nan, mu ne fa. Ya ce ya gane su sarai, shi ya sa. Nan murmushi ya ƙare. Ta kira shi butulu, ta kira shi ɗan boko mara kunya, mutane na kallo. Shehu ya ce na gaba ya matso, ya tsallake su. Hafsatu ta ja mayafi ta nufi mota tana kuka, sauran suka bi ta.

Da sakamako ya fito, Malam Uba ya faɗi, kuma tazarar ba ta da yawa. Safiyar Lahadi, maimakon a raba goron ɗaurin aure, sai aka aika Samaru cewa an ɗaga sai abin da hali ya yi. Ɗanmalam ya zauna a zaure yana kaɗa kai, yana cewa shi dama ya daɗe yana zargin yaron. Wai an gan shi a motar abokin takara. Wai tun farko turo shi aka yi ya nemi auren don ya riƙa kwasar sirrin gida. Ba ku lura da yawan tambayarsa ba?

Maganar nan ta shiga Hafsatu fiye da yadda take so. Tana kan keken ɗinki sai ta tsaya tana tuno ranakun zance. Lallai ya taɓa tambayarta su wa ke zuwa taron Baba. Lallai ya taɓa cewa wannan Ɗanmalam, a ina Baba ya samo shi? A lokacin ta ɗauka hira ce. Yanzu kowace kalma sai ta juya mata baya. Tana sonsa, wannan ba ta ɓoye wa kanta ba, amma tana jin haushinsa, tana kuma jin kunyar kanta, don ta san abin da ya kai ta Hanwa ba gaskiya ba ne.

Abin da ya fi ci mata rai shi ne shirunsa. Ana ta yawo da shi a kasuwar Sabon Gari cewa ya sayar da surukinsa, bai fito ya kare kansa ba. Wasiƙa ɗaya ya aiko, layi uku: yana gaishe ta, yana ba ta haƙuri, yana nan yana jira. Goggo ta ce a mayar masa da lefensa. Hafsatu ta durƙusa gaban mahaifinta ta ce, Baba, a bari azumi ya wuce tukuna. Ya yi tsaki, amma ya bari.

Azumi ya kai goma, Tabitha ta kawo ɗinki. Ƙawar Hafsatu ce tun firamare, mijinta Kofur Shekari ɗan sanda ne. Ta ga yadda Hafsatu ta zube, ta ji yadda Goggo ke tsine wa Shehu daga madafa, sai ta kasa haƙuri. Ta rufe ƙofa ta ce akwai abin da mijinta ya faɗa mata, ya ce kada ta faɗa, amma za ta faɗa.

Ranar zaɓe, tun safe aka ajiye su Shekari da mota a bayan makarantar Hanwa. An ce musu da azahar mata goma sha ɗaya masu baƙin lalle za su zo da katunan da ba nasu ba, a bari sai sun dangwala sannan a kwashe su. Suna kallo matan suka zo, suna kallo suka juya, ba wadda ta dangwala, ba abin kamawa. Kuma wanda ya kai rahoton ofis tun ranar Alhamis, kwana guda kafin a kwaɓa lalle, Ɗanmalam ne.

Hafsatu ta ajiye ɗinkin. Ta tuna ita aka tura gaba. Da a caji ofis za ta kwana, da lallenta, ranar jajiberin aurenta, sunan mahaifinta kuma ya shiga jarida.

Malam Uba bai yarda da farko ba, ya ce maganar mata ce. Amma ya sa hula ya je ya sami Shekari, ya ji daga bakinsa, ya dawo ya shige ɗaki. Bayan kwana biyu aka ga Ɗanmalam a kan sabon babur yana bin motar wanda ya ci zaɓe, ko kallon ƙofar gidan bai yi ba. Goggo ta zauna daɓas a bakin murhu tana salati.

Da kansa Malam Uba ya hau mota zuwa Samaru. Ya tarar da Shehu a gona, wando a naɗe, yana auna tsayin dawa. Ya tambaye shi ko ya san akwai 'yan sanda a bayan makaranta ranar. Shehu ya ce wallahi bai sani ba, shi dai ya ga abin da ba daidai ba ne ya ƙi.

"To me ya sa ka yi shiru ana ta zaginka?"

"Baba, in na buɗe baki sai na faɗi abin da ya kawo su. Matata ce za ta zama, kuma gidanka ne."

Malam Uba ya cire hula ya share fuska. Ya ce shi da ya haifi Hafsatu bai tsare ta haka ba.

Bayan Sallah da mako guda aka sake baje tabarmi. Goggo ce ta ɗauki ƙwarya da kanta, ba ta yarda sun haɗa ido da Hafsatu ba. Ta shafe ƙafafu, ta shafe hannun dama, ta zo na hagu, sai Hafsatu ta naɗe babban yatsanta cikin tafi. Goggo ta ce haba 'yar nan, ai sai a ce ban iya ba.

"Ki bar wannan fari, Goggo. Ina so ya gan shi yadda yake."

Goggo ta kewaye yatsan, hawaye na ɗiga cikin ƙwarya.

Yara manyan gobe, ku riƙe wannan. Wanda ya hana ku aikata ba daidai ba, ko da a gaban jama'a ne, ba maƙiyinku ba ne. Ku fi sa ido a kan mai kawo muku dabara a ƙulle cikin hankici. Hafsatu ta yi haƙurin wata guda kafin ta yanke wa masoyinta hukunci, kuma wannan watan shi ya tsare mata aurenta. Ranar Lahadi aka kai ta Samaru da yatsu tara baƙi, ɗaya fari.