Warin Majemar Chalawa

"Wallahi ba za ki koma gidan gurgun nan ba!" Hajiya Fanna ta daka wa 'yarta Zinariya tsawa, ta fizge mayafin da ke hannunta. "Yana buga ƙwallon ma ban so shi ba, balle yanzu!"

Gurgun dai Ashafa ne, kyaftin ɗin da Kano kaf ta sha ihun sunansa. Tunda aka karya masa gwiwa kulob ya sallame shi, sai ƙwaya da zage-zage. Ranar da ya yi jifa da kwanon tuwo Zinariya ta yi yaji. Amma son da take masa? Ina! Ko ɗigo bai ragu ba.

"Hajiya, ya fa daina shaye-shaye. An ce ya kama aiki a kamfanin jima a Chalawa..."

"Ƙarya ne! Wannan mai girman kan zai taɓa ɗanyar fata? Gobe Baffanki zai kira shi, ya sake ki mu huta!"

Zinariya ta sha kuka har idonta ya kumbura.

Washegari da la'asar, wari ya riga Ashafa shiga zaure. Samarin ƙofar gida suna ta shewa: "Kyaftin! Yau gol nawa ka ci?" Zinariya na laɓe bayan ƙyaure, tana jiran faɗa ya kaure, don Ashafan da ta sani da tuni ya shaƙe wani. Ko ɗaga kai bai yi ba.

"Kar ya taka min tabarma!" Hajiya ta ƙwala daga ciki, ta toshe hanci.

Haka ya tsaya, gwiwar nan tana rawa.

Baffa ya yamutsa fuska. "Kai, ko wanka ba ka iya yi ba?"

"Na yi, Baffa, ba ya fita. Turare ne na ƙi sawa. Haka zan riƙa dawo mata kullum, gara ta ji tun yau, sannan ta zaɓa."

Zinariya ba ta san sanda ta fito ba. Ta shimfiɗa sallayarta a gabansa, hawaye shaɓe-shaɓe.

"Zauna, ƙafarka. Na ji, kuma na zaɓa."

"Ke, Zinariya!" Hajiya ta daka mata tsawa.

"Ya isa, Fanna," in ji Baffa. "Ba a raba wannan auren a gidana."

Hajiya dai ta daɗe ba ta amsa gaisuwarsa ba, amma ƙarshe ta sauko. 'Yan'uwa, tafin jama'a ƙarewa yake yi. Namijin da ya karya girman kansa ya nemi halali, shi ya cancanci a yi haƙurin jiransa.