Kwamfuta Biyu, Lamba Ɗaya

A wata makarantar firamare a Babura, an yi wata yarinya 'yar aji shida. Kanta yana ja, amma tambaya ce ba ta so ko kaɗan. Komai sai ta ce ta iya.

Kwamfutoci goma ne a makarantar, akwati ɗaya ke raba musu intanet. Kowace da lambarta a cikin saiti, kamar lambar gida.

Ranar Laraba, kwamfutar yarinyar ta yi ta jan jiki. Malam Halliru, mai koyar da kwamfuta, ya tafi ofishin hedimasta. Sai ta ce a ranta, ai lambar Malam ta fi gudu. Ta leƙa tasa ta kwafa, ta goge tata, ta zuba tasa. Shafi ya buɗe, har da 'yar rawar kafaɗa ta yi.

Malam ya dawo da takarda a hannu. Sunayen masu zuwa gasar kacici-kacici ne a Kazaure, har da nata. Ƙarfe biyu za a rufe karɓar suna.

Ya zauna zai tura sunayen ta intanet, ya danna, shiru. Ya duba waya, ya kashe akwatin ya kunna, shiru. Ƙarfe ɗaya ta gota. Yarinyar ta miƙe ta je wurinsa.

"Malam, ku yi haƙuri. Ni na kwafi lambarku na sa a tawa."

"In gida biyu suka ɗauki lamba ɗaya, wa mai wasiƙa zai ba?" in ji Malam. "Mece ce lambarki ta da?"

"Ban rubuta ba, Malam."

"To, na ba ki minti ashirin ki nemo ta. In kin kasa, zan kashe kwamfutarki in tura sunaye, ban da naki."

Hawaye ya taho, ta mayar da shi. Ta ɗauki biro da takarda, ta bi kwamfutocin ɗaya bayan ɗaya tana rubuta ƙarshen lambobinsu. Sha ɗaya, sha biyu, sha uku. Wata ma a kashe take, sai da ta kunna ta jira. Da ta jera su har ashirin, sai ta ga babu sha bakwai.

"Malam, in sa sha bakwai?"

"Yawwa, yanzu kin tambaya. Sa."

Ta sa. Kwamfutar Malam ta farfaɗo, sunaye suka tafi, nata a ciki. Daɗi ya kama ta, kunya ma haka.

Malam ya ce, "Abin da jama'a ke amfani da shi tare, ba a taɓa shi sai an tambaya. Kuma kafin ki canza saiti, ki rubuta yadda kika same shi."

"Na ji, Malam," ta ce. Ta buɗe bangon littafinta, ta rubuta sha bakwai da manyan baƙi.